Tef ɗin Awo a Wuyan Mama

Saƙon ya zo ta bakin Tela, da yamma bayan an tashi makaranta. Mahaifiyarsa ta ce a gaya wa Malama ta zo su ci abincin rana tare ranar hutu. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Malama ta saurare shi a falon Yayarta, inda take zaune tun da aka sallamo ta daga asibiti. Littattafan yaran ajinta na kan cinyarta, jan biro na hannunta. Ba ta ɗago ba.

"Abincin rana," ta ce.

"Haka ta ce."

"Ba gaisuwa ba. Ba shayi ba. Abinci."

Tela ya goge tafin hannunsa a gwiwa. Guntayen zare na manne a wandonsa, kamar kullum.

Kowa a gidajen biyu ya san inda maganar aurensu ta tsaya. Mama, mahaifiyar Tela, mai shagon ɗinkin mata da yake yi wa yankan yadi, ta ƙi tun farko. Sau ɗaya ta taɓa ganin Malama, bara, ranar da ta je a auna ta don wata riga. Ana cikin awon Malama ta yanke jiki ta faɗi tsakanin kekunan ɗinki. Mama ce ta ɗaga ta, kuma abin da ta faɗa daga baya ya zaga dangi: ta sha ɗaukar buhun ƙyalle da ya fi yarinyar nan nauyi. Tun daga ranar amsarta ɗaya ce. Ɗanta ɗaya ne a duniya, ba za ta aura masa jinya ba.

Ba ta san sunan ciwon ba. Tana zaton wata cutar jini ce ake ɓoye mata.

A gidan su Malama kuma Baba ya gaji. Ya ce ba zai zuba ido yaro yana sintiri wurin 'yarsa alhali uwarsa na gudun ta ba. Idan watan nan ya ƙare manyan Tela ba su zo ba, a rufe maganar. Gwaggo kuwa tana da nata a hannu, wani mai kantin tufafi da ake kira Ɗan Gayu. Ya san Malama tun lokacin da kowa ke ce mata Siririya, kuma har yau da wannan sunan yake kiranta.

"Zan je," in ji Malama. "Duk abin da ta zuba zan cinye."

"Sannan fa?"

"Sannan me?"

"Bayan kin cinye."

Ta rufe littafin da ke hannunta. Ta san abin da yake tambaya.

Likitar ta yi musu bayani su uku, ita da Yaya da Tela. Ciwon ba a ciki yake ba. Tsoro ne da ke kama ƙwaƙwalwa, tsoron abinci da tsoron ƙiba, har mutum ya kalli ƙasusuwansa a madubi ya ga kitse. Malama ta daɗe tana juya cokali a faranti tana cewa ta ci a makaranta. Idan aka tsare ta ta ci, sai ta shiga banɗaki, ta saki famfo, ta dawo da abin da ta ci. A haka ta tafi har zuciyarta ta fara tsallake bugu.

Dokokin da aka sallamo ta da su kaɗan ne. Ta ci abin da aka tsara mata a kan lokaci. Bayan ta ci, wani ya zauna da ita har abincin ya kwanta, ba shiga banɗaki. Ba hawa sikeli sai a asibiti, can ma tana ba shi baya. Kada a faɗi wata lamba ta jikinta a gabanta. Yaya ta bi kayanta da almakashi ta cire duk 'yar alamar da ke nuna girman riga. Tela kuma da ido yake mata ɗinki, bai taɓa kusantar ta da tef ba.

"Ki bar ni in gaya wa Mama gaskiya," ya ce.

"Ka gaya mata me?" Ta ɗago ta dube shi. "Cewa abinci na gabana, ni ce nake ƙin ci? Matar da ta raine ka da keken ɗinki, tana kwana da yunwa don kai ka ƙoshi? Ita za ka gaya wa cewa wadda kake so da hannunta take zubar da abinci? Gara ta ci gaba da zaton ciwon jini ne. Shi ana tausaya wa mai shi."

"Wannan ma ciwo ne, Malama."

"Kai ka yarda don ka zauna gaban likita. Gwaggo har gobe cewa take iyayi ne. Baba kuma ya ce in ji tsoron Allah."

"Mama ba Gwaggo ba ce."

"Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa ba." Hawaye ya gangaro mata, ta share da bayan hannu, biron ya bar mata jan layi a kumatu. "Rana ɗaya ce. In ta gan ni na ci kamar kowa, shi ke nan. Don Allah kada ka hana ni wannan ranar."

Ya gyaɗa kai.

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

Yaya ta shigo da tire, kofi uku da faranti uku. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Tela, in an gama shari'a, lokacin cin ta ya yi. Ga naka kai ma. A gidan nan ba a kallon mai ci, taya shi ake yi."

* * *

Da safiyar ranar hutun saƙo ya shigo wayar Malama. Ɗan Gayu ne.

"Siririya, na hango ki jiya a bakin titi. Me suke ɗura miki haka? Kada ki bari su ɓata miki jikin nan. Ni dai yadda na san ki nake son ki."

Ta goge saƙon. Amma ta riga ta haddace shi.

Likitar ta taɓa ba ta shawara ta raɗa wa muryar da ke hana ta ci suna, don ta riƙa bambanta ta da nata tunanin. Malama ta sa mata Sufeto, saboda ta yi kama da masu zuwa duba makaranta: ba sa koyar da kowa komai, laifi kawai suke nema. Kwanan nan Sufeto ta rage surutu. Yau da saƙon nan ta farka, ta biyo ta har cikin mota.

Shagon a rufe yake. An lulluɓe kekunan da tsofaffin ƙyallaye, teburin yanka babu komai a kai sai almakashi da guntun alli. Ɗakin Mama na baya, ana bi ta wani siririn lungu tsakanin kabad da teburin guga. A ƙarshen lungun banɗaki yake.

Mama ta tarbe su, ita da Yaya, a tsaye. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tabarau a kan hanci, tef ɗin awo rataye a wuya. Tela ya taɓa cewa ko ta'aziyya za ta je sai an tuna mata ta cire shi.

Malama ta durƙusa ta gaishe ta. Mama ta amsa a taƙaice, ta juya wurin Yaya.

"Ki je ki yi cefanenki, 'yata, ki dawo ki ɗauke ta. Ba cinye ta zan yi ba. Ko na so ma, ina naman?"

Yaya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Kafin ta fita ta kafe Tela da ido. Ya gyaɗa mata kai.

An shimfiɗa leda a tsakiyar ɗaki. Shinkafa ce da miya, ga kaza, ga soyayyen dankali a wani kwano daban. Mama da kanta ta zuba wa Malama, ta danna da bayan cokali, ta ƙara.

Tela ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna a bakin ƙofa da nasa faranti.

"Kai kuma fa?" in ji Mama. "Yaushe rabon da ka ci abinci a ɗakin nan?"

"Yau yunwa nake ji, Mama."

"Yunwa ko gadi?"

Ya fara ci a hankali, yana daidaita lomarsa da ta Malama, yadda Yaya ta koya masa.

Malama ta ci. Rabin farantin farko ya yi daidai da abin da take ci a gida, wannan ta saba da shi. Daga nan Sufeto ta fara lissafi. Man da ke kan miyar. Fatar kazar. Malama ta kalli gefen ledar, ta tauna, ta haɗiye. Mama ba ta ci wani abin kirki ba. Idonta na kan cokalin baƙuwarta, daga faranti zuwa baki, daga baki zuwa faranti.

Da farantin ya kusa ƙarewa Mama ta ɗauko kwanon dankali.

"Mama, ni ki ƙara wa," in ji Tela, ya miƙo nasa.

"Kai da wuyanka ya fi ƙarfin kwalar rigarka? Janye hannunka."

Ta juye wa Malama. Malama ta ce ta gode. Ta cinye har guntun ƙarshe. Cikinta ya ɗaure kamar an ɗinke shi da zare mai kauri, gumi ya tsattsafo mata a bayan wuya.

Mama ta dubi farantin, ta dubi mai shi. Fuskarta ta saki.

"To ai kina ci," ta ce. "Su wa suka ce ba kya ci?"

Daga nan hira ta buɗe. Ta tambaye ta yaran da take koyarwa, ko ba sa sa mata ciwon kai. Malama ta fara ba ta labarin wata yarinya a ajinta da ke zuwa da takalmin ƙanwarta a jaka don kada a fita yawo ba da ita ba. Mama ta yi dariya har ta cire tabarau. Malama ba ta kai ƙarshen labarin ba Mama ta miƙe, ta nufi kabad, ta ciro mabuɗi daga bakin zaninta.

Abin da ta fito da shi a naɗe yake cikin farar takarda. Ta kai shi teburin yanka ta warware. Yadi ne mai nauyi, ruwan zuma, yana ɗaukar haske.

Malama ta ga Tela ya ajiye cokali. Ya taɓa ba ta labarin yadin nan. Mama ta saye shi tun Tela yana koyon riƙe almakashi, ta ce na matarsa ne. Mama ba ta iya cewa "na yarda" da baki. Wanda ta yarda da shi, auna shi take yi.

"Taso nan, 'yan mata," in ji Mama. Ta zare tef daga wuyanta.

Malama ta kafe tef ɗin da ido.

"Mama," in ji Tela da sauri, "akwai rigarta da na ɗinka kwanan nan. Sai a bi ta kawai."

"Rigar amarya a bi tsohuwar riga? A shagona?" Ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗauki alli."

Haka ake aiki a shagon tun kafin a haife shi. Mama na awo tana kiran lamba da ƙarfi don ta rinjayi ƙarar kekuna, mai yanka na rubutawa da alli a gefen yadi. Yau kekunan a kashe suke, amma muryar Mama ba ta san da haka ba.

Malama ta tsaya gaban teburin. Ƙin awon nan ƙin auren ne, ta san da haka. Ta ɗaga hannuwanta.

Mama ta fara da kafaɗa, ta kira lamba. Ta auna hannu, ta kira. Ta auna tsawo. Sannan ta zagaya tef ɗin a ƙirji, ta sauko ƙugu, ta ja shi ya zauna daidai, ta sa farce a kan layin.

Ta kira lambar. Sai ta tsaya, ta sake dubawa.

"Ikon Allah. Ni fa ba na manta awo. Bara, ranar da kika faɗi mini a nan, ƙugun nan…"

Ta faɗi lambar bara. Ta faɗi ta yau. Ta cire wannan daga waccan, ta faɗi bambancin da muryar mai albishir.

"Kin ga mutum yanzu. In kika ci gaba a haka, sai na bar miki sarari a ɗinkin, don kafin biki wannan awon ma ya yi miki kaɗan." Ta juya. "Ka rubuta?"

Gefen yadin babu ko ɗigon alli. Tela na tsaye da allin a hannu, idonsa na kan Malama.

"Kai, kurma ka zama?"

Malama ba ta ji amsarsa ba. Sufeto ta karɓi lambar, tana ta maimaita mata ita. Ta ji inda tef ɗin ya zauna a jikinta kamar har yanzu yana nan. Ta ji nauyin kowace loma. Ɗan Gayu ya hango ta daga bakin titi ya gane. Kowa ya gane. Ita kaɗai aka rufe.

"Mama," ta ce, muryarta sumul, har da murmushi, "zan ɗan zaga banɗaki."

"Ga shi can ƙarshen lungu, 'yata."

Karon farko ke nan da ta kira ta 'yata.

Malama ta juya. Tela ya riga ta isa bakin lungun. Ya tsaya tsakanin kabad da teburin guga, kafaɗunsa sun cike wurin.

"Malama, ki ɗan zauna tukuna. Bari in dafa shayi."

"Ba ni hanya."

"Ki zauna kaɗan."

Ta yi ƙasa da murya. "Ka yi mini alkawari."

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba," ya ce a hankali. "Ban yi alkawari zan kauce ba."

"Wane irin sakarci ne wannan?" Mama ta ƙaraso, tef na lilo a hannunta. "Baƙuwa za ta zaga ka tare mata hanya? A ina ka koyi wannan? Kauce mata."

"Mama…"

"Na ce ka kauce."

Bai taɓa ƙin umarninta a gaban mutane ba. Ya dubi uwarsa, ya dubi Malama. Ya matsa gefe.

Ta wuce shi ba ta kalle shi ba. Ta shiga, ta sa sakata, ta saki famfo.

* * *

Banɗakin ƙarami ne, mai tsabta. Bokiti, sabulu, ɗan madubi a kan ƙusa. Ruwa na zuba da ƙarfi, irin ƙarar da ke rufe komai.

Malama ta naɗe hannun rigarta. Jikinta ya san sauran, ba ya bukatar a gaya masa. Ba zai ɗauki lokaci ba. Za ta kurkure baki, ta wanke fuska, ta fito da murmushi. Mama za ta yanka yadin. Manyan Tela za su je wurin Baba kafin wata ya ƙare.

Ta cikin ƙarar ruwan tana jin faɗan Mama. Ya kunyata ta gaban baƙuwa. Ya ƙi rubuta awo. Shi da ya yi ta kuka a ba shi yarinyar, yau an ba shi yana hauka. Ta saurara ta ji ko zai kare kansa. Kalma ɗaya ta ishe shi.

Bai ce komai ba.

Can sai ta ji takunsa a lungun. Ya tsaya bayan ƙofar.

"Malama." Muryarsa irin ta kullum ce, wadda yake kiranta da ita a waya bayan ta ci abinci, ranar da Yaya ke wurin aiki. "Ba ki ƙarasa labarin ba. Ita yarinyar mai takalmi, da uwarta ta zo makaranta, me ta ce?"

"Inna lillahi," in ji Mama daga baya. "Magana kake da mace tana banɗaki? Yaron nan lafiyarka kuwa?"

"Me ta ce, Malama?"

Malama ta dafa bango. Ta dubi bokitin Mama, da sabulun Mama. In ta yi yau, a wannan ɗakin za ta riƙa yi. Duk ranar hutu Mama za ta dafa, ta danna da bayan cokali, ta ƙara. Duk rigar da za ta ɗinka mata za ta kira lamba. Shi kuma zai tsaya bayan wannan ƙofar yana tambayar ta labarin takalmi, yana shan faɗa, har ranar da za a sake ɗaukar ta zuwa asibiti, ko ranar da zuciyar za ta tsallake bugun da ba za ta dawo daga shi ba.

Sufeto ta ce ta yi sauri, lokaci na wucewa.

Malama ta rufe famfon. Ta zare sakata.

Su biyun suna tsaye a lungun. Ta wuce Tela, ta durƙusa gaban Mama, hannun rigarta har yanzu a naɗe.

"Mama, don Allah kada ki bar ni ni kaɗai yanzu."

"Me ya same ki? Cikin ne?"

"Ba ciki ba ne. Ba jini ba ne kuma." Ta sunkuyar da kai. "Na shiga ne in dawo da abincin da kika ba ni. Ban yi ba. Amma in kika bar ni zan koma in yi."



Malama ta faɗi sauran tana kallon ƙasa. Yunwar da take ɗora wa kanta. Famfon. Asibitin. Abin da ya sa Yaya ta cire alamun rigunanta, abin da ya sa Tela ya ƙi rubuta awo. Kuka ya ci ƙarfinta a tsakiya, ta tsaya, ta ci gaba.

"Abincin ne bai yi miki ba?" in ji Mama.

"Ya yi daɗi, Mama. Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro."

"Da gangan kike yi?"

"Da farko na ɗauka ni nake yi. Yanzu shi yake yi da ni. Likita ta ce ana warkewa. Ina kan hanya, ban kai ba."

Mama ta juya wurin ɗanta. "Ka sani?"

"Na sani."

"Ka tsaya kana kallo ina ɗura mata, ina kiran awonta kamar mai gwanjo?"

"Na yi mata alkawari, Mama."

"Alkawari." Ta yi tsaki. Ta dubi tef ɗin da ke hannunta kamar yau ta fara ganin sa. Ta sake duban Malama, ta yi tambayar da Malama ta fi tsoro tun daga gida.

"Za ki haihu?"

"Likita ta ce sai jikin ya gama dawowa za a sani. Da yawa suna haihuwa. Ba ta yi mini alkawari ba."

A waje wata mota ta wuce. Mama ta tafi teburin yanka, ta fara ninke yadin, gefe kan gefe, yadda ya zo. Malama na kallon hannunta. Tela ya buɗe baki, Mama ta ɗaga masa yatsa ba ta juyo ba.

Da ta gama ninkewa ta tsaya, bayanta gare su.

"Sai yaushe ake barin ki ki tashi?"

"Sai abincin ya kwanta."

"Me ake yi kafin nan?"

"Zama kawai. Da hira. Ko wani aiki da hannu."

Mama ta dunƙule tef ɗin ta cusa a aljihun teburin, ta tura shi ya rufe. Ta jawo kujeru biyu zuwa bakin lungun, ta zauna a kan wadda ta tare hanyar banɗaki. Ta ɗauko wani siket daga kwandon gyara, da 'yar reza, ta miƙa.

"Zauna. Warware mini bakin nan, a hankali, kada ki yanki yadin mutane. Kai kuma je ka dafa shayin da kake ta kuri da shi."

Malama ta zauna. Zaren farko ya ƙi fita, ta sake gwadawa.

"Ban ce na yarda ba," in ji Mama. "Na ce ki zauna."

"Na ji, Mama."

"To, da uwar ta zo makaranta, me ta ce?"

A haka Yaya ta same su. Ta tsaya a bakin ƙofa da ledar cefane, ta dubi jajayen idanun ƙanwarta, ta dubi inda Mama ta ajiye kujerarta.

Mama ta raka su har ƙofar shago. A nan ta riƙe hannun Yaya.

"Yaushe za ta koma wurin likitar?"

"Jibi, Mama."

"Ku biyo ku ɗauke ni. Ina so in ji da kunnena, ba ta bakin masoya ba. Abin da na ji can, shi zan kai wa babanku."

Malama ta waiwaya kafin ƙofar ta rufe. Yadin na nan a kan teburin yanka, a ninke, almakashi a kansa. Mama ba ta mayar da shi kabad ba. Ba ta kuma sa masa alli ba.